Yadda muka samu sabbin 'yan wasa a wasan labarinmu

Salamu alaikum 'yan uwa. Wasan labari shi ne wanda ake yi tare ta waya, kowa ya dauki matsayin wani mutum a cikin labarin. Ga wadanda ke kukan wasan labarinsu ya mutu, mutum uku ne kawai ke motsi, bari in gaya muku abin da ya yi mana aiki nan Maradi.

Abin da ke korar bako shi ne ya shigo ya tarar labari ya yi nisa, kowa na da sarautarsa, shi ko bai san inda zai sa kafa ba. To mu kullum muna ajiye gurbi biyu ko uku a bude, dan aike, mai kiri ranar kasuwar Litinin, bakon da ya sauka daga Tibiri, sai mu ba shi takaitaccen labari layi biyar mu ce bismilla, kuma dole wani tsohon dan wasa ya tanka masa a ranar, kar a bar shi yana magana shi kadai, wannan na bata min rai sosai wallahi.

Ku bar mutane su yi da sakon murya, da yawa sun iya labari amma rubutun Hausa na ba su wuya tunda faransanci suka yi a lakwal, wato makarantar boko.

Labarin ma ya zama namu. Lokacin da muka dauko yakin Sarauniya da turawan Faransa a Lugu, 1899, har 'yan fadarmu masu shayi suka nemi shiga. Lokaci kuma bayan isha'i, awa daya tak, saboda kudin mega na intanet da daukewar kuran, wato wutar lantarki.