Yadda za ka bi sawun abin da kakanka ya bari a Kumasi

In kana so ka san abin da kakanka ya bari da yadda aka yi da shi, kar ka ruga kotu tukuna, fara da tsofaffin gida. Zauna da gwaggo ko kawu ka tambayi sana'ar marigayin, goro ne ko shanu, wane malami ya raba gadon, da lokacin da ya rasu, in ba su riƙe shekara ba ka ce zamanin wa ne, cikin shugabannin Ghana, Nkrumah ko Busia ko Acheampong, su da haka suke lissafi. Sai ka roƙa a buɗe maka tsohon akwatin ƙarfen nan, ka duba rasit na kuɗin gida da indenca, wato takardar yarjejeniyar mallakar fili, abin da kake farauta shi ne lambar fuloti da bulok.

Lambar nan ta fi sunan amfani wallahi, don akawu yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, Muhammadu ya koma Mahama, Sa'idu ya koma Seidu, Ibrahim ya koma Braimah, wani lokacin ma a liƙa masa Hausa ko Kano ko Wangara a baya. Rubuta duk yadda za a iya juya sunan ka tafi da shi.

Toh sai rajistirin Babbar Kotu. In ya bar wasiyya a rubuce kuma aka kai ta kotu za a samu fayil ɗinta, in babu sai ka tambayi L.A., takardar da kotu ke ba mai kula da dukiyar mamaci. Fayil ɗin ne mai nama, akwai takardar rantsuwa, sunayen mata da 'ya'ya, da jerin kadarori da ƙimarsu. Amma kar gabanka ya faɗi in an ce babu komai, galibin mutanen Zango a zaure malamai suka raba musu bisa shari'a aka yi fatiha aka watse, ba a zuwa kotu sai in akwai kuɗi a banki ko za a canja suna a takardar gida.

Tsofaffin fayiloli kuma suna PRAAD, hukumar adana takardun gwamnatin Ghana, suna da ofis a nan Kumasi, hedikwata tana Accra. Ka leƙa ma'ajiyar takardu ta Manhyia, fadar Asantehene sarkin Ashanti, tunda yawancin filin Kumasi a ƙarƙashin kujerar Asantehene yake, sannan ka biya a yi maka bincike a Lands Commission, wato hukumar filaye, da lambar fulotin.

Jarida kuwa sai haƙuri, shafi-shafi za ka bi. Ashanti Pioneer ta fara a 1939, Daily Graphic a 1950, Ghanaian Times a 1958, ga kuma Gazet ta gwamnati. Bar shafin gaba, je can wajen ƙananan sanarwa inda lauyoyi ke kiran masu bin mamaci bashi da tallan gwanjon gidaje. Ka tsaya sosai a ƙarshen 1969 zuwa 1970, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su fita, gidaje da yawa a lokacin aka sayar da su a gurguje ko aka bar wa maƙwabci amana da baki kawai, rigimar wasu har yau ba ta mutu ba. In ka ga kuɗi da fam da sule kar ka rikice, sidi sai a 1965 ya zo.

Duk takardar da ka samu ka nemi kwafi mai tambarin ofishin, ka rubuta lambar fayil da kwanan wata a jiki, kuma ka nuna wa lauya kafin ka je ka tsaya ƙofar gidan wani kana cewa na kakanka ne.