Yadda ake shirya wa tambayoyin lissafi da na hankali a jarrabawar cancantar malamai

Tun shekarar 2017 Hukumar Yi wa Malamai Rajista ta Nijeriya, wato TRCN, take gudanar da jarrabawar cancanta ta kwamfuta ga masu neman lasisin koyarwa, kuma jihohi da dama sun koma tantance masu neman aikin malanta da jarrabawa kafin ɗauka. A shekarar 2017 ɗin ce kuma gwamnatin Kaduna ta bayyana cewa malaman firamare 21,780 sun kasa cin gwajin da aka yi musu da tambayoyin aji huɗu. Lissafin da ake tambaya a irin waɗannan jarrabawa ba mai zurfi ba ne, amma yana kayar da mutane masu ilimi, domin an daɗe ba a taɓa shi ba, kuma ana amsa shi agogo na gudu.

Mataki na farko shi ne ka farfaɗo da lissafin ka. Ka maimaita jadawalin sau har zuwa sau 12, sa'an nan ka haddace dangantakar kason abu da kaso cikin ɗari: rabi 50 ne, rubu'i 25, humusi 20, sumuni 12.5, sulusi kuwa 33 da ɗan ɗoriya. Kada ka dogara da kalkuleta a wannan mataki.

Mataki na biyu, wanda ya fi cancantar lokacinka, shi ne ka ɗauki nau'in tambaya ɗaya ka zauna a kansa har sai ka gano tarkon da ke ciki, maimakon ka riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan. Ɗauki kaso cikin ɗari. Idan buhun masara na naira 40,000 ya tashi da kashi 25, ya koma 50,000. Da kashi nawa zai sauka ya dawo farashinsa na farko? Mai gaggawa zai ce 25, alhali amsar 20 ce, domin yanzu 10,000 ɗin ana auna ta ne da 50,000. A kowace tambaya irin wannan ka fara tambayar kanka: kaso na mene ne?

Haka matsakaici yake, kuma shi ne ya fi shafar aikin malami kai tsaye, tunda da shi ake fitar da sakamakon ɗalibai. Aji mai yara 30 ya sami matsakaicin maki 50, wani mai yara 20 ya sami 60. Matsakaicin ajujuwan biyu ba 55 ba ne. Sai ka tara 1,500 da 1,200, ka raba 2,700 da yara 50, ka sami 54. Tambayar tafiya ma a wannan rami take jefa mutane. Mota ta yi kilomita 120 tana gudun 60 a awa, ta dawo tana gudun 40. Ta ci awa biyu a zuwa da uku a dawowa, don haka kilomita 240 cikin awa biyar ya ba da 48, ba 50 ba. Rabo bisa kaso ya fi sauƙi: yara 63, maza da mata huɗu bisa uku, ka raba 63 gida bakwai, kowane gida tara, maza 36, mata 27.

Mataki na uku shi ne jerin lambobi da na haruffa. Ka rubuta tazarar da ke tsakanin kowace lamba da mai bi mata kafin ka yi wani tunani. A jerin 3, 7, 13, 21, 31, tazarar ita ce 4, 6, 8, 10, saboda haka ta gaba 12 ce, amsar kuma 43. Idan tazara ba ta nuna komai ba, ka gwada ninkawa, ka kuma duba ko jeri biyu ne aka saƙa cikin juna. Haruffa kuwa ka mai da su lambobi bisa matsayinsu a abacada ta Turanci.

Mataki na huɗu ya shafi tambayoyin hankali, kuma a ganina nan ne ya kamata mai son koyarwa ya fi tsanantawa kansa, domin wanda bai iya bambanta hujja da zato ba zai wahala wajen gyara tunanin yaro. Ƙa'idar guda ce: ka yanke hukunci da abin da aka ba ka kaɗai, ka ajiye abin da ka sani a waje. An ce duk malaman wata makaranta suna da takardar shaidar malanta ta NCE, kuma wasu masu NCE suna koyar da lissafi. Shin dole ne wasu malaman makarantar suna koyar da lissafi? Ba dole ba ne, domin masu koyar da lissafin na iya kasancewa duk a wasu makarantu suke. Ka zana da'ira ga kowane rukuni, ka gwada ko za ka iya zana su ta yadda bayanan biyu za su tabbata amma hukuncin ya faɗi. Idan ka iya, hukuncin bai tsaya ba. Haka nan idan an ce in aka yi ruwa filin wasa zai jiƙe, ganin filin a jiƙe bai tabbatar da an yi ruwa ba, amma ganinsa a bushe ya tabbatar ba a yi ba. Kuma abin da ke ƙaryata maganar cewa duk ɗalibai sun ci jarrabawa shi ne a sami ɗaya da ya faɗi, ba sai kowa ya faɗi ba.

Daga nan sai gwaji da agogo. Ka haɗa tambayoyi 20 masu gauraye, ka ba kanka minti 20, ka yi su a kan kwamfuta idan da hali, kuma da Turanci, tunda da shi za su zo. Tambayar da ta cije ka wuce ta, ka dawo mata daga baya. Bayan kowane gwaji ka rubuta a littafi guda dalilin kowane kuskure, ko rashin sanin hanya ne, ko karatun gaggawa, ko tuntuɓen lissafi. A makon ƙarshe kada ka buɗe sabon darasi. Ka sake warware tambayoyin da ke cikin wannan littafi ba tare da kallon amsoshinsu ba.