Yadda za a horar da ma'aikatan gidan kaji kan tsare garke daga cuta

Mafi yawan cututtukan da ke ƙarar da kaji, irin su Niyukasul da Gumboro da murar tsuntsaye, a tafin takalmi suke shiga gidan kaji, ko a kwalin ƙwai, ko a jikin kwandon dillali da ya kwana a kasuwa. Tun da aka tabbatar da murar tsuntsaye a Magariya a watan Fabrairun 2006, masu kiwon kaji a Maraɗi suka san cewa kasuwancin da ke tsakaninmu da Jibiya da Katsina yana kawo alheri, yana kuma iya kawo annoba. Saboda haka horon ma'aikaci daga bakin ƙofa ya kamata ya fara, ba daga cikin ofis ba.

A ranar farko, mai gona ya tsaya da sabon ma'aikaci a gaban ɗakin kaji, ya yi abin da yake so a koya da kansa: ya cire takalmin gida, ya sa takalmin roba da rigar aiki waɗanda ba sa barin gonar, ya wanke hannu da sabulu, ya kankare tafin takalmin da buroshi, sannan ya taka cikin ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke bakin ƙofa. A bayyana masa dalilin kankarewar, domin laka da kashin kaji suna kashe ƙarfin maganin, kuma ruwan da ya yi kwana uku a rana har ya koma kalar kunu ba ya kashe komai. Daga nan sai ma'aikacin ya maimaita, ana kallonsa ana gyara masa.

Akwai tambayar da masu gona suke jin nauyin yi, alhali ita ce mafi muhimmanci: shin yana da kaji ko zabbi ko agwagi a gida? Kusan kowane gida a Tibiri ko Madarunfa yana da su, kuma agwagwa tana iya ɗaukar murar tsuntsaye ba tare da ta nuna alamar ciwo ba. Hana mutum kiwo a gidansa abu ne mai wuya, don haka abin da ya fi shi ne a yi yarjejeniya cewa zai yi wanka ya sauya kaya kafin ya shiga, kuma ranar da ya je kasuwar kaji ba zai kusanci ɗakunan ba.

A koya masa fara aiki daga ƴan tsaki zuwa manyan kaji, ya bar marasa lafiya a ƙarshe. Sababbin kaji a keɓe su aƙalla mako biyu. Mai sayen ƙwai da mai lambun da ya zo ɗaukar taki daga Jiratawa su tsaya a waje, a kai musu kayansu can.

Rigakafi yana buƙatar darasi na dabam, musamman kafin hunturu, lokacin da Niyukasul ta fi yin ɓarna. Maganin rigakafin Niyukasul irin La Sota ana ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ana ɗauko shi cikin ƙanƙara, kuma idan aka haɗa shi da ruwan sha dole kaji su shanye cikin awa biyu. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin yana lalata shi, haka ma kwanon da aka wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a ɗauraye ba.

Sai batun mushe. Ma'aikaci ya san alamomin da za su sa ya kira mai gona nan take: zawo kore, murɗewar wuya, kumburin kai, tukku ya yi shuɗi, ƙwai ya ragu, ko kaji da yawa su mutu dare ɗaya. Ba a yanka mai ciwo a sayar, ba a jefa wa karnuka, sai dai a ƙone ko a binne a rami mai zurfi, a sanar da likitan dabbobi na ma'aikatar kiwo. A nan ne masu gona da dama suke ɓata horon da hannunsu, domin idan ana cire kuɗin kowace kazar da ta mutu daga albashin yaro, to zai riƙa jefar da mushen a bayan katanga kafin maigida ya iso. A ba shi littafi ya riƙa rubuta adadin waɗanda suka mutu kowace safiya, a kuma gaya masa tun ranar farko cewa ba za a taɓa albashinsa ba saboda abin da ya rubuta.