Shawara ga masu sassaƙar ƙwarya da ke son yin saiti

Salam 'yan uwa, masu zanen ƙwarya da faifai ku ɗan saurara. In za ku yi saiti, kar ku gama ɗaya tas sannan ku fara tunanin ta biyu, wallahi haka ake samun kowace ta kama gabanta. Ku fara zaɓar jigo guda, misali damina: shuka, noman farko, maimai, gero ya fidda kai, girbi, sai ɗaurin dami a kai rumbu. Ƙwarya shida kenan, labari ɗaya.

Ku sayi ƙoren lokaci guda daga hannun mutum ɗaya don kala da kauri su zo daidai, in an haɗa ta bana da ta bara wuƙa mai zafi ba ta cin su iri ɗaya, wata ta yi baƙi ƙirin wata ta yi ja-ja. Sai ku jera su a tabarma ku zana duka da fensir tukuna, ku ja baya ku duba. Adon bakin kuma ya zama iri ɗaya a dukkansu, ni dai nan na fi sa ido, shi ke nuna 'yan gida ɗaya ne.

In kun kai Wudil ran Juma'a, don Allah kar a raba saitin ko an taya ɗaya da tsada.