Kurakuran da masu zaɓe suka fi yi, da gyaransu

Tun 26 ga Yuli 2023 da sojoji suka karɓi mulki ba a sake kafa akwatin zaɓe a Nijar ba, jam'iyyu ma an rushe su a watan Maris 2025. Duk da haka, a fadojin shayi na Yamai gardamar zaɓe ba ta mutu ba, kuma kurakuran da ake yi jiya su ne ake maimaitawa a baki yau.

Babbansu ana yin sa ne tun kafin ranar zaɓe: zama babu takarda. Mutum ya kai shekara 18 amma ba takardar haihuwa, ba katin ɗan ƙasa, sai ranar jefa ƙuri'a ya tashi yana faɗa da ma'aikatan rumfa. A zaɓen 2020 an yi rajista da hoto da zanen yatsa, wanda sunansa bai shiga kundi ba kuwa hayaniya ba ta shigar da shi. Gyaran ba ya jiran kowa: a je ofishin magajin gari ko kotu a nemi takardar tun yanzu, a nema wa mata da ƴan matan gida ma, don su aka fi bari a baya.

Sai ɗaukar wanda ya zo na ɗaya a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa kamar ya riga ya ci. Tsarin da aka bi shi ne, in babu wanda ya haura rabin ƙuri'u, biyun farko su sake karawa. A 1993 Tandja Mamadou ne a gaba a zagayen farko, amma sauran jam'iyyu suka haɗa kai, Mahamane Ousmane ya ci. Wanda ɗan takararsa ya faɗi ya yi fushi ya ƙi fita zagaye na biyu, ya bar wa wasu yanke hukunci ke nan.

Akwai kuma rashin sanin abin da ake zaɓa. Da yawa sun ɗauka su ke zaɓen magajin gari kai tsaye. A'a, a tsarin da aka bi kafin juyin mulkin 2023, kansiloli ake zaɓa, su kuma su fid da magajin gari a cikinsu. Depite ma, wato ƴan majalisar dokoki, a lokacin jerin sunaye jam'iyya ke kawowa, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu. Saboda haka a tambayi su wa ke cikin jerin, kada hoton shugaban jam'iyya ya rufe ido. Abin mamaki, zaɓen kansiloli da aka fi rainawa shi ya fi shafar kwata, shara da kasuwar unguwa.

A cikin rumfa, alama ɗaya tak. Alama biyu don kada a ɓata wa kowa rai, ƙuri'a ta lalace.

Sakamako kuwa, kafin juyin mulkin 2023, abin da hukumar zaɓe ta CENI ke faɗa na wucin gadi ne, Kotun Tsarin Mulki ce ke tabbatar da na shugaban ƙasa da na depite. Bayan zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu 2021, jin alƙaluman CENI ke da wuya tarzoma ta tashi a Yamai, har aka yi asarar rayuka. Mai ƙorafi abin da zai kai kotu shi ne takardar sakamakon rumfa mai sa hannun wakilai, don haka wakilin da ya tafi gida kafin a gama ƙirga ya bar ɗan takararsa hannu rabbana.