Yadda zaka ga lantarki na bi ta ƙwayar zarra ɗaya tak a kan teburinka

Toh masu karanta fiziks ku matso, wannan gwajin ba sai da babban lab ba. A 1995 wasu masu bincike a Madrid, su Costa-Krämer da García, suka nuna cewa wayoyi biyu da ɗan bugun tebur sun isa.

Ka nemo siririyar wayar gwal guda biyu, batir, rizista biyu da zasu rage maka wutar zuwa kamar milivolt 20, ƙaramin amfilifaya mai maida karent zuwa voltej da rizista kilo-om 100 a jikinsa, sai osiloskop na dijital, wato na'urar da ke zana hawa da saukar voltej a allo. Gwal ɗin dai shi yafi dacewa, jan ƙarfe saman sa na yin tsatsa a iska ya ɓata maka sakamako. Ka goge wayoyin da sifirit, ka haɗa ɗaya da wutar batirin, ɗayar da amfilifaya, amfilifayar kuma da osiloskop.

Ka jera su yadda bakinsu zai ɗan taɓa juna kawai, kar ka danne. Saita osiloskop ya kama hoto guda lokacin da sigina ke faɗuwa, sannan ka ɗan ƙwanƙwasa teburin da yatsa. Abinda ke faruwa shine in wayoyin zasu rabu gwal ɗin baya katsewa farat ɗaya, jawuwa yake kamar yauƙin kuɓewa yana ƙara sirancewa har ya rage zarra ɗaya ce ke riƙe da ɓangarorin biyu, faɗinta bai kai nanomita 0.3 ba, kuma duk wannan cikin ƙiftawar ido ne, ƙasa da milisakan sau da yawa.

Kalli allon da kyau. Layin ba zai gangaro sumul ba, matakala zaka gani. Matakin ƙarshe kafin sifili shine abin nema: turjiyar wurin kusan om 12,900, wato h/2e² (h lambar Planck ce, e kuma cajin ilektron), kaga da milivolt 20 karent ɗin zai zama maikro-amfiya 1.55, a allo kuma kusan volt 0.155. A wannan ƙanƙantar dokar Ohm da muka haddace ta tsayi da kauri bata aiki, ilektron a matsayin igiya (wave, kamar igiyar ruwa) yake ratsawa ta hanyoyi ƙidayayyu, kamar yadda Rolf Landauer na IBM ya fara bayani tun 1957, zarrar gwal kuma hanya ɗaya gareta.

Gaskiya yawancin hotunan da zaka kama shirme ne, wasu ba matakala ko ɗaya, kar ka zaɓi masu kyau kaɗai kace ka gama. Tara ɗaruruwa ka zuba a kwamfuta ka ƙirga inda layin yafi tsayawa, tudun farko a jadawalin ƙirgar zai fito daidai wajen om 12,900 ɗin nan, wato volt 0.155 a allo.

In ka canza ƙarfe lissafi ya canza fa. A 1998 su Elke Scheer sun nuna zarrar alminiyam da ta dalma hanya uku-uku garesu, niyobiyam biyar, kuma ba duka ne a buɗe gaba ɗaya ba, amma su a matsanancin sanyi suka auna, da na'urar da ke lanƙwasa waya a hankali har ta katse, irin wadda aka inganta a Leiden ta ƙasar Holland a 1992.