Yadda ake mayar da mataimakan aikatau na Turanci daga lokaci mai ci zuwa shuɗaɗɗe

Mataimakin aikatau a Turanci kalma ce da ke zuwa kafin babban aikatau domin ta nuna lokaci, ko ta taimaka wajen yin tambaya da korewa. Abin da ya kamata mai koyo ya riƙe tun farko shi ne, duk jimlar da ke da mataimaki, a kansa alamar lokaci take sauka, ba a kan babban aikatau ba.

Mataki na farko shi ne a gano mataimakin da ke cikin jimlar. Akwai na asali guda 3, wato be da have da do, sannan akwai masu nuna iyawa ko izini ko wajibci, kamar can da may da will da shall da must.

Mataki na biyu, a dubi wanda ya yi aikin. Am da is da are siffofin be ne. Idan mataimakin am ne ko is, sai a mayar da shi was, idan kuma are ne, sai ya koma were. Saboda haka "She is reading" za ta zama "She was reading", kuma reading ba ta sauya ba. A lura cewa you tana ɗaukar were ko da mutum ɗaya ake nufi. Have da has duka suna komawa had, do da does kuma suna komawa did.

Mataki na uku ya shafi did, kuma a ganina nan ne ya fi buƙatar natsuwa. Ana cewa "He went", amma da zarar did ta shigo domin tambaya ko korewa, sai babban aikatau ya koma siffarsa ta asali: "Did he go?" da "He did not go". Masu koyo da yawa kan rubuta "Did he went?", domin suna jin cewa tunda aikin ya wuce dole ne went ta bayyana, alhali kuwa did ta riga ta nuna cewa ya wuce, kuma Turanci ba ya maimaita wannan alamar. Mai jin Hausa ya riga ya san irin wannan tsarin, tunda a "ya tafi" da "zai tafi" da "bai tafi ba" kalmar tafi ba ta motsa ba.

Mataki na huɗu, can ta koma could, will ta koma would, shall ta koma should, may ta koma might. Ana ganin wannan ƙarara idan ana ruwaito maganar wani, kamar "He said he would come". Sai dai waɗannan siffofin ba koyaushe suke nuna abin da ya wuce ba, domin "Could you help me?" roƙo ne cikin ladabi a yanzu, "It might rain tomorrow" kuma magana ce kan gobe. Idan ana son should ta yi nuni ga abin da ya shuɗe, sai a haɗa ta da have, a ce "You should have rested". Ita kuwa must ba ta da siffar shuɗaɗɗen lokaci, shi ya sa ake amfani da had to a madadinta, kamar "I had to leave".

Daga nan sai a ɗauki gajeren sakin layi da aka rubuta a lokaci mai ci, a ja layi ƙarƙashin kowane mataimaki, a sauya shi, sannan a sake karantawa domin a tabbatar ba a taɓa babban aikatau da ke biye da shi ba.